Ambaliyar Jalingo: Hanyar ruwa ta girmi takardar mallakar fili

A farkon watan Agustan 2005, bayan ruwan sama mai ƙarfi da aka shafe sa'o'i ana sheƙawa, Kogin Lamurde ya cika ya batse, ya kutsa unguwannin Jalingo da ke gaɓarsa, sannan ya karya gadar Nukkai da ke kan hanyar Wukari, ta rufta da mutanen da ke kanta. Rayuka masu yawa sun salwanta, gidaje sun rushe, dubban mutane sun kwana a waje. Shekara 19 bayan haka, a daminar 2024, ruwa ya sake cinye wata gada a kan wannan hanya ta Gwamnatin Tarayya, wato gadar Namnai da ke Ƙaramar Hukumar Gassol. Har daminar 2025 ta kankama matafiya na sauka daga mota su hau kwale-kwale, kuma a watan Yulin shekarar wani jirgin ruwa ya kife da fasinjoji a wurin.

Duk lokacin da irin haka ta faru, sanarwar hukuma kan kira shi iftila'i, a yi jaje, a tura tireloli da shinkafa da katifu da kwanon rufi. Babu mai musun cewa ruwan sama na Allah ne, Shi ke saukar da shi lokacin da Ya so. Amma filin da aka yanka a tsakiyar fadama, da kwalbatin da aka ƙanƙance don a rage kuɗin kwangila, da gadar da aka yi shekaru ba a leƙa ƙarƙashinta ba, duk sa hannun ɗan Adam ne a kan takardunsu. Wasu daga cikin takardun nan a ofisoshin Abuja ake rubuta su, shi ya sa maganar Jalingo ta shafi ma'aikacin tarayya da hadimin minista fiye da yadda suke zato.

Kafin a kai ga wanda ke da alhaki, ya kamata a fahimci aikin da ruwa ke yi wa ƙasa. Jalingo na zaune ne a gindin duwatsu. Lamurde na gangarowa daga tsaunukan yankin Yorro, Mayo Gwoi kuma ya ratsa gari ya zuba a cikinsa, daga nan su miƙa zuwa Kogin Binuwai. Kalmar “mayo” da Fulatanci na nufin kogi, don haka sunan unguwar Mayo Gwoi kansa ya riga ya faɗa wa mai neman fili abin da zai tarar. Da rani kogunan nan kan janye su bar shimfiɗar yashi, yara su buga ƙwallo a ciki, masu lambu su haƙa rijiya a gefe. Baƙon da ya gan su a watan Maris zai ɗauka ƙoramu ne marasa ƙarfi. A watan Agusta ne ake sanin girmansu.

Lissafin ba shi da wuya. Idan ruwan sama na milimita 50 ya sauka a kan fili mai faɗin murabba'in kilomita ɗaya, ya zubar da lita miliyan 50 ke nan, nauyin tan 50,000, wanda ya haura lodin tankokin man fetur 1,500 masu cin lita 33,000 kowace. A inda akwai itatuwa da ciyawa, ganye ya tare wani kaso, ƙasa ta shanye wani, sauran ya taho a hankali cikin sa'o'i ko kwanaki. A kan dutse tsirara, ko gangaren da aka sare, ko unguwar da ta zama kwano da siminti da kwalta, kusan duka yake tahowa lokaci guda. Kuma idan gudun ruwa ya ninka sau biyu, ƙarfin bugunsa kan ninka sau huɗu. Wannan ne ya sa ruwan da jiya ya wuce ƙarƙashin gada lami lafiya, yau yake iya tumɓuke katanga.

Ruwan da ke gudu aiki uku yake yi: ya zaizaye, ya ɗauka, ya ajiye. A saman gangare yana tona ƙasa, ƙaramar hanyar da ƙafar shanu ta fitar ta zama lambatu, lambatu ya zama kwazazzabo. Abin da ya kwaso na yashi da laka yana sauke shi ne inda ƙasa ta kwanta gudunsa ya ragu, cikin kogi ya cike, wurin da ruwa zai bi ya ragu. A duk inda kogi ya yi lanƙwasa, ruwa ya fi gudu ta bayan lanƙwasar, can yake cin gaɓa, ta ciki kuwa sai ya tara yashi. Da haka kogi ke matsawa gefe shekara bayan shekara, ba tare da neman izinin ma'aikatar filaye ba. Wata rana kuma ambaliya ta yanke wuyan lanƙwasar, kogi ya kama sabuwar hanya, tsohuwar ta zama tafki. Yawancin tafkunan da ke warwatse a kwarin Binuwai, daga Lau zuwa Ibi, ta haka suka samu, kuma a kansu masunta ke rayuwa. Tafkin Nwonyo na Ibi, inda ake bikin kamun kifin da ya yi suna, yana cikin arzikin da wannan kwari ya ba Taraba.

Ashe ke nan ambaliya ba ɓarna kaɗai take yi ba. Lakar da take shimfiɗawa ita ce takin fadama, ita ke ciyar da shinkafar Karim Lamido da Gassol, da lambunan rani na gefen Lamurde. Bahaushe ya daɗe da bambance tudu da fadama: tudu na gida ne da gero, fadama ta shinkafa da rake da kayan miya. Kalmar ta yi ƙarfin da har Bankin Duniya ya ɗauke ta yadda take ya raɗa wa shirin bunƙasa noman rani da aka fara a farkon shekarun 1990. Fadama ɗakin ajiyar kogi ce, nan yake sauke rarar ruwansa idan ya cika. Wanda ya gina gida a cikinta ya shiga ɗakin wani ne lokacin da mai ɗakin ya yi tafiya.

Tarihin garin ya nuna yadda aka kai ga haka. Jalingo ta kafu ne a 1893, lokacin da Sarkin Muri Muhammadu Nya ya mayar da ita mazauninsa. Ta yi kusan ƙarni guda a matsayin gari madaidaici, har zuwa 27 ga Agusta, 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola aka ba ta matsayin babban birni. Ma'aikata suka kwararo, 'yan kasuwa suka biyo su. Ƙidayar 2006 ta samu kusan mutum 140,000 a ƙaramar hukumar, kuma tun daga lokacin rikice-rikicen kudancin jihar da rikicin Boko Haram a Arewa maso Gabas sun ƙara tunkuɗo jama'a. Fili a tudu ya yi tsada, fili a bakin kogi yana da araha. Talaka bai zaɓi gaɓar Lamurde don sha'awar kallon ruwa ba, iyakar abin da aljihunsa ya iya ke nan.

A can saman kogunan kuma daji na ƙarewa. A tsakiyar shekarun 2010 Taraba ta zama cibiyar cinikin itacen madobiya, wanda 'yan kasuwa ke kira Madrid, ana lodinsa zuwa Legas a fitar da shi China, har sai da hukumar yarjejeniyar CITES ta dakatar da cinikinsa daga Najeriya a 2018. Ga gawayi, ga itacen girki, ga gonakin da ke hawa gangaren duwatsu. Kowace bishiyar da ta faɗi a kan tudu tana ƙara wa ruwan da zai iso gari sauri da laka. A cikin garin kuma tifofi na kwasar yashi daga cikin kogi domin gine-gine. Idan aka ɗebi yashi kusa da gada, ƙasan kogin kan zurfafa, ruwa ya riƙa rarake gindin ginshiƙai, kuma injiniyoyi a ko'ina sun san wannan rarakewa na cikin manyan dalilan da ke kayar da gadoji.

A nan ne ya kamata a gyara wani kuskure da ya zama ruwan dare a jawaban hukumomi. Da an ce ambaliya a Taraba, sai a nuna Madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda aka kammala a 1982, a kuma tuno da madatsar Dasin Hausa ta Jihar Adamawa da har yau ba a gina ba. Gaskiya ne sakin ruwan Lagdo na ƙara wa Binuwai tumbatsa, kuma mutanen Lau da Karim Lamido da Gassol da Ibi sun ɗanɗana kuɗarsu a 2012, shekarar da hukumar NEMA ta ƙiyasta mutuwar mutum 363 da raba sama da miliyan biyu da muhallansu a faɗin ƙasa, haka ma a 2022 da mutum sama da 600 suka rasu. Sai dai Lamurde da Mayo Gwoi ba daga Kamaru suke tasowa ba. Ruwan da ke shiga ɗakunan Jalingo a kan duwatsun Taraba ya sauka, sa'o'i kaɗan kafin ya iso. Ko da za a gina Dasin Hausa gobe, ba za ta tare shi ba. Ɗora laifi a kan maƙwabciya yana da daɗin faɗa, domin yana sauke wa kowa nauyin abin da ke gabansa.

Wani maganin da ake yawan ambata shi ne yashe kogi. Yasa na da amfani a wuraren da laka ta toshe, amma muddin gangaren duwatsu na zubo da ƙasa, abin da aka kwashe bana zai dawo baɗi, kwangila ce da ba ta da ranar ƙarewa. Haka ma katange gaɓa da kankare: yana ceton unguwar da aka yi wa, amma yana ƙara wa ruwa gudu ya je ya sauke fushinsa a kan ta ƙasa da ita. Ƙasar Holand, wadda ta fi kowa gwanintar tare ruwa, ta koyi wannan darasi bayan ambaliyar 1993 da ta 1995, inda aka kwashe mutum kusan 250,000. Maimakon ta ci gaba da ƙara wa ganuwa tsawo kaɗai, sai ta ɓullo da shirin sakar wa kogi fili. A birnin Nijmegen an ja ganuwar Kogin Waal baya da mita 350, aka biya waɗanda aka tasa diyya. Ƙasa mai kuɗi da ƙwararru ta ga ja da baya ya fi mata araha a kan kokawa da kogi.

Akwai masu cewa lamarin fili na gwamna ne, tunda Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannunsa, don haka Abuja ba ta da ta cewa. Rabin gaskiya ce. Hanyar Jalingo zuwa Wukari da gadojinta na Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ne. Hasashen damina na hukumar NiMet ne, hasashen ambaliya na shekara-shekara na hukumar NIHSA ne. Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama, mai hedikwata a Yola, ta tarayya ce. Asusun Kula da Muhalli da aka kafa a 1981 daga Asusun Tarayya ake cire shi, ana raba wa matakan gwamnati uku, kuma ofishin da ke kula da kason tarayya yana ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya. Shirin ACReSAL na dala miliyan 700, da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, bashi ne da sunan Najeriya. Wanda ke riƙe da kuɗi da bayanai da gadoji ba zai ce ba ruwansa ba.

Matsalar ita ce kowace hukuma na riƙe da gutsure ɗaya, babu mai riƙe da kogin gaba ɗayansa. Hasashen da ke cewa ƙaramar hukuma kaza na cikin haɗari yana da amfani ga mai tsara kasafi, amma bai gaya wa magidanci a Nukkai ko Magami ko ruwa zai kai tagar ɗakinsa ba. Kayan agaji kuma suna da farin jini saboda ana ɗaukar hotonsu a ga hannun mai bayarwa. Ma'aunin ruwa da aka kafa a ƙauyen da ke saman kogi babu mai zuwa ƙaddamar da shi, alhali shi ne zai ba unguwa sa'a ɗaya ko biyu ta kwashe yara da tsofaffi. Ihu bayan hari ya fi rigakafi samun gurbi a kasafi, ko da yake ya fi shi tsada.

Taraba kanta tana da shaidar cewa tarayya na iya yin rigakafi idan ta ga dama. Bayan iskar gas mai guba da ta taso daga Tafkin Nyos na Kamaru a ranar 21 ga Agusta, 1986, ta kashe mutum sama da 1,700, masana sun yi gargaɗin cewa bangon da ke riƙe da tafkin na iya ɓallewa ya turo ruwa ta Kogin Katsina-Ala. Saboda wannan aka gina Madatsar Kashimbila a Ƙaramar Hukumar Takum, wadda kuma aka tsara ta samar da megawat 40 na lantarki. An kashe biliyoyi domin haɗarin da bai auku ba tukuna, kuma an yi daidai. Abin da Jalingo ke buƙata domin haɗarin da ya riga ya ci rayuka bai kai wannan kuɗi ba.

Abu na farko shi ne taswira. A auna Lamurde da Mayo Gwoi gida-gida, a fitar da iyakar inda ruwa ke kaiwa, a buga ta a fili, a kafa turaka masu launi a ƙasa yadda mai sayen fili da mai unguwa da dillali duk za su gani. A kuma daina ruɗar jama'a da batun ambaliyar da ke zuwa sau ɗaya a shekara ɗari. Ma'anarta ita ce yiwuwar kashi ɗaya cikin ɗari a kowace shekara, wanda a tsawon shekara 30 na zaman gida ya kai kusan kashi 26 cikin ɗari, wato sama da ɗaya cikin huɗu.

Na biyu, ma'aunan ruwan sama da na tsayin kogi a ƙauyukan sama, da mutanen da ake biya su kula da su, da tsarin da saƙo zai bi daga can zuwa wayoyin masu unguwanni da lasifikokin masallatai da coci-coci da gidajen rediyo, da Hausa da Fulatanci da Mumuye da sauran harsunan gari. Na uku, a mayar da duba gindin gadojin tarayya aikin kowane rani, a rubuta rahoto, a hana ɗibar yashi kusa da su. Gadar da aka sake ginawa kuma a yi mata faɗi daidai da ruwan yau, kada a maimaita awon shekarun da daji ke nan. Na huɗu, kason Asusun Muhalli da kuɗin shirye-shiryen bashi su zo da sharaɗi: jiha ta nuna abin da ta yi da na bara, wuri da wuri, kafin a yi maganar tallafi na musamman, kuma a fifita dashen itatuwa da gyaran kwazazzabai a saman kogi.

Na biyar shi ne mafi wuya, wato tayar da waɗanda ke zaune a cikin hanyar ruwa. A nan dole a yi adalci. Da yawansu kuɗi suka biya, wasu na riƙe da takardun da jami'ai suka sa wa hannu. Turo katafila da asuba a kan mutumin da hukuma ta ba izinin gini zalunci ne, kuma wanda aka kora ba tare da madadi ba gaɓar wani rafin zai koma. A ba da fili a tudu, mai ruwan sha da hanya da makaranta, a biya diyya kafin rusau, a fara da gine-ginen masu hali da na gwamnati da suka toshe magudana domin talaka ya ga dokar ba shi kaɗai ta sani ba. Filin da aka ƙwato kuma a mayar da shi lambuna da wuraren shan iska da filayen wasa, domin fegin da aka bari haka nan ba ya daɗewa bai samu mai saye ba. Jami'in da ya sake sa hannu a kan fili a cikin iyakar da aka shata, a san sunansa, ya amsa tambaya.

Mazauna Abuja ba sa buƙatar tafiya Taraba kafin su gane wannan. Sun ga yadda ruwa ya mamaye rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe a watan Yunin 2023, sun san halin da Lokogoma ke shiga duk damina. Sun ji abin da ɓallewar Madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a watan Satumban 2024, da abin da ya auka wa Mokwa a ƙarshen Mayun 2025. Wurare ne mabambanta, amma a ko'ina ruwa gangare yake bi, kuma inda ya taɓa bi can yake komawa.

Watannin rani, daga Nuwamba zuwa Afrilu, su ne lokacin da ake iya shiga cikin Lamurde da ƙafa a auna, a duba ginshiƙi, a kafa turke. Su ne kuma watannin da fayil ɗin ambaliya ke komawa ƙasan tebur saboda ba a ganin hotunan gidaje a cikin ruwa. Daraktan da ke tsara kasafin ma'aikatarsa, da hadimin da ke zaɓar takardar da za ta hau teburin maigidansa, da ɗan majalisar da ke rubuta ayyukan mazaɓa, suna da damar sa taswirar Jalingo da ma'aunanta da gadojinta a cikin jerin tun ƙasa na bushe. Idan ba su yi ba, za su sa hannu a kan takardar shinkafa da katifu a watan Satumba, kamar yadda aka saba.

Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci a Nukkai da Namnai, Ya ba masu riƙe da amanar jama'a ikon yin abin da ya dace a kan lokaci.